Nezir Duraku, Wanda Ya Shafe Farar Alamarsa

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Alhamis, sha shida ga Oktoba, da hantsi, Allah ya karɓi ran Nezir Duraku a gidansa da ke garin Ulcinj na bakin teku, yana da shekara tamanin da ɗaya. An yi masa sutura bayan la'asar. Masunta sun zo, masu jiragen ruwa na shaƙatawa sun zo, har limamin cocin ƙauyen bakin kogi ya tsaya a gefe da hularsa a hannu.

A wajen zaman makoki magana ɗaya na ji tana yawo: shi ne ya yi mana farar alama. Gaskiya ne. Amma a cikin yabon akwai wani kuskure da yawancinmu muke yi, wataƙila har da mai karatu. Muna ɗaukar hanyar ruwa kamar titi, in an gano ta sau ɗaya shi ke nan har abada. Baba Nezir ya yi shekara arba'in yana nuna mana hanya ɗaya, sannan ya yi shekara uku yana nuna mana cewa ta tashi daga inda take. A kan shekaru ukun nan nake so in yi magana.

Baba Nezir, kai ka san mashigar kogin Buna fiye da kowa. Inda kogin ke zuba cikin teku akwai tudun yashi kwance a ƙarƙashin ruwa, ba a ganinsa, sai wata 'yar siririyar hanya mai zurfi da jirgi zai bi ya fita. Kana ɗan shekara talatin da 'yan kai ka yi bazara biyu kana auna zurfin wurin da gora, har ka gano cewa in mutum yana cikin jirgi ya ga tsohon ginshiƙin simintin bakin kogi ya daidaita da hasumiyar cocin da ke bayansa, to yana kan zurfi. Ka sayi fenti ka yi wa ginshiƙin fari. Duk shekara kafin baƙi su fara zuwa sai ka sabunta shi.

Daga nan kowa ya samu fita teku: likita, direban babbar mota, baƙon da ya yi hayar kwale-kwale na yini guda. A hannunka na koyi alamar ina 'yar shekara sha biyu. Da na zama malamar labarin ƙasa, aka ba ni sashen matasa na ƙungiyar masu jirage, ita ce darasina na farko ga kowane sabon aji. Hotonta ne tambarin ƙungiyarmu, yana jikin rigunanmu.

Abokinka Branko, likitan haƙori, ba ya gajiya da tsokanarka a kanta.

"Wai Musulmi guda, kullum coci ke nuna maka hanya."

"Hasumiyarku na ara, ba limaminku ba," kake ce masa. "Kuma ita kaɗai ce a cikinku ba ta surutu."

Ban san adadin baƙin da injinsu ya mutu a teku ka janyo su ba. Ladanka ɗaya ne, su zauna su sha kofi su saurari inda suka yi kuskure. Wasu sun ce gara a bar su a tekun. Inna Vahide kuma, matarka, ba Asabar ɗin da ba ta aiko wa yaran ajina da faranti cike da burek, gurasar nan mai nama a ciki, da zafinta ba.

Kai ka fara lura cewa ruwan ya sake hali. Kana da wata al'ada da ake yi maka dariya a kanta: kafin ka fita sai ka jefa lemo guda cikin ruwa ka tsaya kana kallonsa. Ka ce ganye ko ɓawo iska yake bi, amma lemo yana nutsewa ya bar ƙeyarsa kawai a waje, don haka ruwa yake bi. Inna Vahide ta ce rabin lemon gidanta teku ke sha, ka ce ƙarya take maka, kana tsamo shi. A da lemon yakan nufi teku kai tsaye, ko da tsakiyar bazara. Sai ya fara jinkiri. Wata safiya a watan Agusta muka ga ya juya yana hawa kogi.

Abin da idonmu ya gani a shekarun nan ba ɓoyayye ba ne. Dusar ƙanƙara a kan duwatsu ta ragu, tana kuma narkewa da wuri, sai kogin ya rasa ƙarfi da bazara, teku ya riƙa turo shi baya. Ruwan sama da a da yake zuwa a hankali yanzu yakan sauko a kwana uku. Iskar kudu in ta taso da hunturu takan kwashe yashi daga nan ta jibge can. Masana suna ƙara ambaton madatsun ruwa na can sama, kuma ban isa in raba wa kowane dalili kasonsa ba. Na taɓa kawo maka taswira da bayanai don in nuna maka duk wannan. Ka duba da kyau, ka ce:

"Malama, taswirar nan ta yaushe ce?"

"Ta bara waccan, Baba."

"To ruwan na yau ne."

Shekara uku da suka wuce, a watan Yuni, Branko ya fita da matarsa Milena da safe. A daidai mashiga jirginsu ya hau yashi, taguwar ruwa ta same shi a gefe ta kifar. Da rigunan ceto a jikinsu, Allah ya tsare, amma Milena ta karye a wuyan hannu. Branko ya shekara talatin yana bin wannan hanya. Ya zauna a matsayar jirage, ruwa na ɗiga daga wandonsa, ya ce maka, "Tsufa ne, Nezir. Idona ya fara cin amanata."

Ka shiga kwale-kwalenka ka je ka daidaita ginshiƙi da hasumiya, ka zura gora. Inda a da mutum biyu in sun hau kan juna ba za su taɓa ƙasa ba, ruwa iya ƙugu ne. Ka dawo ka ce, "Idonka lafiya lau, Likita. Ka bi alamata daidai, shi ya sa."

Saura kwana tara a lokacin yaran ajina goma sha huɗu su yi fitarsu ta farko zuwa teku, kowane biyu a jirgi ɗaya, kuma wannan alamar na koya musu. Ƙungiya ta yi taro. Ka nemi a shafe farin. Fadil, shugabanmu, ya ce alamar a rigunanmu take, baƙi kuma ita suka sani, in an shafe ta wa zai ƙara amincewa ya fita? Ya kawo shawarar a kafa sabon ginshiƙi a ɗan matsa hagu. Ka tambaye shi, in Oktoba ta zo da ruwanta fa? Wasu suka ce a rubuta wa hukuma a jira masu auna ruwa. Aka tashi a kan a jira. Ina wurin, yarana ne za su fita, kuma ban ce komai ba.

Washegari da safe ka je da bokitin fenti ruwan toka. Kana rabin aiki Fadil ya iso a guje.

"Yaya Nezir! Ka haukace ne? Ta ƙungiya ce!"

"Ni na yi ta. Je ka duba takardunka ka gani ko ƙungiya ta taɓa riƙe buroshi."

"Shekara arba'in fa! Sunanka ne kake gogewa!"

"To riƙe mini tsanin, kar in faɗo da sunan."

Bai riƙe ba. Ka gama ka sauko da kanka.

Wata guda ana wuce teburinka a gidan kofi kamar ba a gan ka ba. Masu ba da hayar jirage suka ce ka tsorata musu baƙi. Wani ya ce kishi ne, ba ka so alamar ta rayu bayanka. Branko kaɗai ke zuwa ya zauna, shi ma rabin lokacin zaginka yake yi a kan haƙoranka.

Ranar fitar yara kai ka wuce gaba. Ka jefa lemo suka ga inda ruwa ke ja, ka ba kowane jirgi gora, kowa ya auna da hannunsa. Zurfin ya koma wajen taku sittin gabas da tsohuwar hanya. Duka jirage bakwai suka fita suka dawo. Shekarar da ta biyo baya ya sake matsawa, bana ma haka. Wurin da aka so sabon ginshiƙi ya nuna, yau busasshen yashi ne, tsuntsaye ke tsayawa a kai. Fadil da bakinsa ya faɗi haka a bakin kabarinka, ba kuma abu ne mai sauƙi a gare shi ba.

Yanzu ga shawara ta taso, daga mutane masu kyakkyawar niyya, cewa a taron ƙungiya na wata mai zuwa a amince a sake yi wa ginshiƙin fari, a rubuta sunanka a jiki don tunawa. Wancan karon na yi shiru, wannan ba zan yi ba. Baƙon da ya hango farin ginshiƙi daga cikin jirgi ba zai iya karanta suna ba, hanya zai ɗauka. A rataya hotonka a ɗakin ƙungiya, a sa wa gasar matasa sunanka, amma a bar ginshiƙin yadda ka bar shi. Da na gaya wa Inna Vahide maganar, sai ta ce, "Ya bar rabin bokitin ruwan tokar a ɗakin ajiya. Su yi farin su gani, tsanin ma yana nan."

Allah ya jiƙanka, Baba Nezir, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa duk wanda ya fita teku ya dawo gida lafiya ta dalilinka ya zama nauyi a mizaninka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Vahide, da 'yarka Drita, da ɗanka Agron, da jikokinka biyar, da abokinka Branko. Allah ya ba su haƙurin rashinka.

Ranar Asabar da ƙarfe tara na safe zan kasance a matsayar jirage da ajina, gorarka tana hannunmu. Duk wanda yake ganin har yanzu ya san mashigar nan, babba ko yaro, ya zo da lemo guda. Kafin ya jefa, ya nuna mana da yatsa inda yake zaton zai nufa. Sannan ya jefa, mu tsaya mu gani.