Dabinon Oga Uzoma

Duk direban da ya taɓa kai mota garejin Oga Uzoma a hanyar Basawa ya san halinsa. Ko ƙusa aka kawo masa sai ya juya ta, ya tambayi inda aka samo. A Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu Zagezagi, amma yarda da mutum ce bai koya ba.

Sau ɗaya ya yi nisa da gida. Wani mai babbar mota ya ɗauke shi zuwa Bilma, dausayin da ayarin raƙuma ke ɗaukar gishiri, don injin motar ba shi da tabbas. Can kuwa injin ya mutu. Kwana goma sha tara ya yi a gidan wani mai gonar dabino, Kiyari, kuma ya gyara masa injin ban-ruwa. Ranar tafiya Kiyari ya shiga bayan katanga, ya fito da tohon dabino naɗe a jiƙaƙƙen buhu.

Ya ce, "Mace ce. Daga gindin wadda ka fi son 'ya'yanta."

Uzoma bai ga inda aka yanko shi ba. Ga shi kuma ba a gane namijin dabino, wanda ba ya yin 'ya'ya, sai ya yi fure. Shekara shida yana ba shi ruwa a tsakar gidansa a Unguwar Gabas, yana tunanin katangar nan.

Maƙwabcinsa Ɗanmalam ba ya barinsa ya huta. "Oga, yaya amaryar taka? Ko dai gardi ka riƙe kana ciyarwa?"

"Ka bari kawai. Mutumin ya cika murmushi, tun a can na lura."

Bana furen ya fito. Uzoma ya je Samaru ya ɗauko Malama Naila, ma'aikaciyar binciken noma da yake gyara wa mota. Ta hau tsani, ta duba.

"Mace ce, Oga. Abokinka bai cuce ka ba. Sai dai a samo furen namiji a kaɗa mata, in ba haka ba 'ya'yan ba za su yi kirki ba."

Ɗanmalam ya ce, "To, sai ka nemi gafarar bawan Allah."

Uzoma ya ɗaga kai ya dubi bishiyar.

"Ya san ita kaɗai ba ta isa ba. Me ya hana shi ba ni biyu?"