Fenti a Bakin Famfo

Yayana ya shekara ashirin da shida yana kula da kayan kashe gobara a wani otal mai hawa shida, kuma ko labule bai taɓa ƙonewa ba. Ina jin wannan ne laifinsa, don da wani abu ya ƙone, da sun san amfaninsa. Ma'aikata na kiransa Mai Jan Tulu, saboda jajayen tukwanen kashe wuta da yake yawo da su.

Mutum ne mai ƙaƙale, ko a gida. In ya zo gaishe ni, kafin ya amsa sallama ya riga ya leƙa kicin yana shinshina tukunyar gas. A wurin aiki kuwa kowace tukunya sai ya sauke ta, ya auna nauyinta, ya kifa ta, ya kara kunne ya ji ko hodar ciki na zuba ko ta daskare. Sannan ya sa hannu a katin da ke rataye a wuyanta. 'Yarsa ta fari ma a otal ɗin take, a ɗakin wanki da guga da ke can ƙarƙashin ƙasa. Shi ya nema mata aikin, yana ta alfahari wai babu ginin da ya kai wannan aminci.

Sai aka kawo sabon manaja, mai son ƙyale-ƙyale. Yaya ya tafi hutun sati biyu, manaja ya kira masu fenti. A jikin silin na kowane ɗaki akwai wani ɗan bakin famfo mai 'yar kwalba kamar ƙwayar magani. In zafi ya kai, kwalbar ta fashe, ruwa ya feso. Masu fenti suka ga abu ya ɓata musu farin silin, suka bi shi ɗaya bayan ɗaya suka shafe, har hannu biyu don ya yi kyau.

Da Yaya ya dawo ya ɗaga kai, sai ya ga duk an shafe bakunan famfon. Ya ƙirga ɗari biyu da sha huɗu, ya nufi ofis.

"Yallaɓai, waɗannan sun mutu. Fenti ya riƙe su, ko wuta na lasar silin ba za su buɗe da wuri ba. Sai an sauya su duka."

"Haba dattijo, a kankare mana."

"Ba a kankarewa. In ka taɓa kwalbar ka lalata ta."

Manaja ya tura masa takardar dubawa ta shekara, ya ɗora biro a kai. "Tun da kake nan, an taɓa gobara?"

"Ba a taɓa ba."

"To me kake gadi?"

Yaya bai sa hannu ba. Ƙarshen wata aka sallame shi, aka ba shi agogon bango da takardar godiya. Wani kamfani ya turo mutum da hatimi, ya gama duba hawa shidan ya buga wa takardar hatimi kafin shayinsa ya huce. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake yi.

Yaya ya ce wa 'yarsa ta bar aikin. Ina zaune, ina jin su.

"Baba, in na bari, wa zai riƙe gidan? Kai ka bari, ni ma in bari?"

Ba rashin kunya ta yi ba, gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi masa ciwo. Sai ya ce to ta koyi abu ɗaya. Hayaƙi ba ya barin mutum ya ga hanya, don haka ta ƙirga taku nawa ne daga teburin gugarta zuwa ƙofar baya, ta riƙa bi ido rufe, hannu a bango, har ƙafarta ta haddace.

Bayan sati ta zo da amsa. "Taku arba'in da ɗaya, Baba. Amma an sa wa ƙofar sarƙa da kwaɗo. Manaja ya ce ta nan ake satar tawul."

Na zaci zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya shiga ɗaki ya jawo tsohuwar jakar aikinsa, ya ciro almakashin yanka ƙarfe mai dogon hannu. Ya ɗaure guntun sarƙa a ƙofar gida, ya sa ta yanka, ta kasa, ya gyara mata riƙo, ta sake, har tafin hannunta ya yi ja.

Yanzu kullum da safe sai ya raka ta bakin titi, ya ɗaga jakarta ya ji nauyin almakashin kafin ya miƙa mata. Daga nan ya dawo gida ya zauna, wayarsa a hannu, ba ya ajiye ta sai ta dawo.