Motar Baba da Ƙafar Kaka

Shekarun baya, ranar da na dawo hutu daga makarantar kwana, abin da na fara gani a harabar gidanmu a Kontagora shi ne igiyar shanyar mahaifiyata ɗaure a madubin wata mota. Tsohuwar a-kori-kura ce mahaifina ya sayo ba inji, ya mai da ita abin yinsa na Asabar da Lahadi. Ma'aikacin asibiti ne, ba bakanike ba, amma ya sa mata inji, ya yi mata bodin katako, ya shafe ta da koren fenti. Abin alfaharinsa shi ne tayoyin. Manya ya saka, ya kuma ɗaga motar sama saboda ramukan hanya.

Kakata ta wajen uwa tana zaune tare da mu. Yayarta na kwance ba lafiya a Rijau, kullum ana aiko cewa tana cigiyarta. Baba ya yi alkawarin tafiyar farko ta motar ta Kaka ce. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, "Inna, mota ta tashi. Jibi sai Rijau."

Daga bayan labule ta ce, "A bari tukuna."

Ya sake komawa, amsar ba ta canza ba. Na ji yana ce wa mahaifiyata, "Inna ta raina motata."

Ta ce, "To, motar da ta fi akuya tari?"

Ni ba mai magana ba ce, ko sunana aka kira a aji sai muryata ta maƙale. Amma ina da ido. Wata Juma'a Baba ya tafi masallaci, sai na hango Kaka ta lallaɓa wajen motar. Ta buɗe ƙofa, ta kama kujera, ta ɗaga ƙafa. Ko kusa ba ta kai ba. Ta gwada ɗayar, takalminta ya faɗi. Da ta juyo muka haɗa ido.

Ta ce, "Ke kurma, me kika gani?"

Na ce, "Ba komai."

"To ki riƙe ba komai ɗinki. Ni da ba na shan ruwa a gaban babanku, shi zai ɗaga ni kamar buhun gero?"

Nan na gane. Ba za ta yarda surukinta ya ɗauke ta ba, ba kuma za ta iya ce masa aikinsa da gyara ba.

Na yini ina haɗa magana a raina. Washegari na same shi a ƙarƙashin motar, ƙafafunsa kawai ake gani, abin da ya sauƙaƙa mini ke nan. Na ce, "Baba, motar ta yi mini tsawo. Ba na iya hawa."

Ya turo kai waje. "Ke da kike hawa mangwaro?"

Na sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kallona, sannan ya dubi ɗakin Kaka. Da yamma ya kira mai walda. Matakala biyu aka yi, ta ƙasan ko ɗan yaye zai taka, har da mariƙi a gefe. Ya ɗaga murya yadda za a ji a ɗaki: "An yi wa raguwar gidan nan tsani."

Sai ga muryar Kaka: "Yaushe ne ma aka ce tafiyar?"

Ta iske yayarta da rai, har suka yi makonni tare. Har yau ba wanda ya tayar da zancen a gidanmu, kuma raguwa ake ce mini, ina amsawa da jin daɗi.

Amma safiyar tafiyar saura kaɗan komai ya lalace. Kaka ta fito da lulluɓinta, Baba ya riƙe mata ƙofa yana murmushi, ita kuwa ta tsaya cak tana gyara ɗaurin ƙunshinta. Na matsa kusa da shi, na ce a hankali:

"Baba, don Allah zagaya can ɓangaren ka duba mana tayar baya."