Fuska Biyu Kawai Take Ɗauka

A shekarar da ruwa ya shanye hanyar ƙauyenmu, ta wajen Guri, Yaya yana kwance a asibiti a Kano ana masa wankin ƙoda. Ni ina koyarwa a Hadejia. Baba ƙafa ta hana shi tafiya, Inna kuma ba mai yarda ya saka ta a kwalekwale cikin wannan ruwa. Da matar Yaya ta bugo ta ce yana son ganin gida, sai na ce zan kai musu shi ta kiran bidiyo.

Da ta ni ce, da waya ta isa. Amma idon Inna ba ya ganin fuska a waya, shi kuma Baba bai iya riƙe magana ba. Kafin in iso da laftof ɗina da wata tsohuwar monita, wato fuskar kwamfuta, da na aro wajen maƙwabcina, mutumin Filato mai shagon buga takardu, rabin unguwa sun ji. Liman da dattawa sun cika zaure za su yi wa Yaya addu'a. Mata sun cika tsakar gida. Raina ya ɓaci, don ni zuwa na yi in haɗa uwa da ɗanta, ba majigi na kawo ba. Amma wa zai ce wa liman ya tashi?

Maza ba za su shiga ciki ba, Inna ba za ta fito cikin maza ba. Dole fuska biyu. Na ɗora talabijin ɗin Baba a kan benci yana kallon zaure, na kifa turmi na ɗora monita tana kallon tsakar gida. Wayoyin haɗin gajeru ne, don haka na zauna a ƙofar da ke tsakani, laftof a cinyata, bayan talabijin a damana, bayan monita a haguna.

Aka tayar da janareta bayan la'asar. Na jona talabijin, hoto ya fito. Na jona monita, ta tsaya baƙi ƙirin. Na cire talabijin, monita ta kawo. Haka na yi ta yi ina haɗa gumi, dattawa suna ba ni shawara, mutanen da ko rimot ba su iya riƙewa daidai ba. Wani ma cewa ya yi in hura ramin, wai ƙila yashi ne.

Na buga wa maƙwabcina waya. Ya ce irin wannan tsohuwar laftof fuska biyu kawai take ɗauka a lokaci ɗaya, kuma tata fuskar tana cikin lissafin. In ina son na wajen su kawo duka, sai in kashe tata. Ban yi dogon tunani ba. Na shiga saitin na kashe, fuskar da ke gabana ta mutu, na ji zaure da tsakar gida sun ɗauki salati a tare.

Kan wayar monita ba shi da kusoshin ɗaurewa, in na saki sai hoto ya ɗauke, don haka na danne shi da hannun hagu. Hannun dama kuma na ɗaga wayata sama, don daga ita laftof ke jan sabis, kuma a sama kaɗai take samu. A haka kiran ya shigo.

Muryarsa ta fito daga talabijin, a shaƙe, ba ƙarfi. Ya gaida Baba, ya gaida Inna, ya tambayi shinkafar fadama. Baba ya ce masa ruwa ya taɓa ta kaɗan, alhali ko kara ɗaya bai tsira ba. Liman ya yi addu'a mai tsawo, ni kuwa hannun da na ɗaga ya gaji, ina roƙon Allah a zuci ya taƙaita. Ina jin Inna a haguna tana jan hanci, tana kiran sa da sunan da take ɓoye sunansa na gaskiya da shi.

Abin da ban lissafa ba shi ne kyamarar tana jikin laftof. Kowa yana ganin Yaya, shi kuwa ni kaɗai yake gani. Na so in juya ta wajen Inna, amma hannuwana biyu a ɗaure suke, kuma wayoyin ba za su kai ba.

"Kai kaɗai nake gani, ƙanena," in ji shi. "Sai waige-waige kake. Kalle ni mana."

Na tsayar da idona a kan ɗan ramin kyamarar. A baƙin gilashin ba kowa sai inuwar fuskata.

"Ina kallon ka, Yaya," na ce.

Ya yi 'yar dariya, ya ce na rame, in riƙa cin abinci. Daga nan sabis ya ɗauke. Muka yi ta gwadawa har magariba bai dawo ba. Na ce a raina ba komai, ruwan da ya yanke hanyar Hadejia zuwa Kano na janyewa zan tafi in gan shi ido da ido. Ruwa bai janye ba sai bayan an binne shi a can.

A zaman makoki kowa yana da abin faɗa game da fuskarsa ta ranar. Baba ya ce ya ga haske a goshinsa. Gwaggo ta ce ya kumbura, tun a lokacin ta sare. Na zauna ina jin su, ina jin haushinsu, ina kuma kwaɗayin su ci gaba.

Da mutane suka ragu, Inna ta kira ni ɗakinta. Ta ce ita dishi-dishi ta gan shi, hawaye da ciwon ido sun haɗu sun hana ta.

"Kai ne ka fi kowa kusa da shi," ta ce. "Faɗa mini, yaya ka ga idonsa?"