Hoton da Aka Ɗauka Ina Cikin Ruwa

Shekarun baya can, lokacin da ciwon ɗaukar hoto ya kama ni, babu wanda bai sha wahalata ba a Garwa, can ƙasar Kamaru. Na sayi wata kyamara ta hannu, na rataya ta a wuya kamar laya, safe da yamma ina bisa titi. 'Yan babur, masu tallan goro, dorinar da ke leƙowa a ƙarƙashin gadar Binuwai, duk ban bar kowa ba. Akwai wani mahauci a babbar kasuwa da ya taɓa nuna ni da wuƙa ya ce, "Kai ɗan Hajiya, ka ƙara ɗaukata bakina cike da goro, wallahi da kai zan haɗa in auna!" Ban daddara ba.

A wani zauren masu hoto na intanet na haɗu da abokina, mutumin Meksiko. Ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma aikinsa ke nan, yawon duniya yana ɗaukar mutane a kan titi. Rannan kawai ya rubuto mini cewa ga shi nan tafe, zai hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, daga can ya biyo mota. Jama'a, ranar ko abinci ban iya ci ba don murna! Na share ɗakin baƙi har sau uku, na shaida wa duk unguwa cewa babban mai hoto na duniya zai sauka a gidanmu.

Da ya iso sai na ga wani guntun mutum mai tumbi, da 'yar kyamara wadda ba ta kai rabin tawa ba. Faransancinsa a karye, nawa na makaranta, inda muka maƙale mu cike da hannu. Amma da muka fita kasuwa na san ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ni ina ta guje-guje ina cusa wa mutane kyamara a fuska, shi kuwa ya samu benci wajen mai shayi ya zauna har aka manta da shi. Da yamma muka buɗe hotuna, nawa duk hararar mutane ce da tafin hannu, nasa kuwa kamar ka yi musu sallama su amsa.

Ya ce da ni, "Kana gudu da yawa. Kuma idan ka ga kowa ya zuba wa abu ido, kai ka juya ka dubi masu kallon. Hoton yana can."

Kwanansa huɗu, farkon watan Nuwamba, na shiga ɗakinsa da hantsi na tarar ya gyara ɗan teburin da ke ɗakin. Ya kunna kyandir, ya zuba furanni ruwan ɗorawa da ya tsinko a bakin hanya, ga lemo, ga ƙosai, ga kofin gahawa, a tsakiya kuma hoton wata tsohuwa tana dariya. Na ja da baya na ce, "Subhanallahi! Lafiya?"

Ya yi dariya ya ce mahaifiyarsa ce, ta rasu da jimawa, kuma yau a ƙasarsu ranar tunawa da mamata ce. Ya buɗe kwamfuta ya nuna mini hotunan da ya ɗauka a can. Kai! Mutane sun zane fuska kamar ƙoƙon kai, mata sun ci ado, tituna cike da furanni, iyalai zaune a bakin kaburbura suna cin abinci, har da makaɗa. Na ce, "A maƙabarta ake kiɗa? Mu nan ko tari mutum ya yi sai an harare shi!" Na gaya masa mu addu'a muke yi wa namu, da sadaka. Ya gyaɗa kai ya ce kowa da hanyarsa. Amma fa hotunan sun tafi da ni, har na ji kamar in tashi in nemi biza.

Sai ya jefo mini tambaya: "Kai ina hoton taka mahaifiyar?"

Ina da fuskokin mutanen da ban sani ba, ba adadi, amma ba ni da tata ko ɗaya.

Ni ɗan fari ne, kuma mahaifiyata irin matan dā ce masu kunyar ɗan fari. Tun ina jariri kakata ta ɗauke ni. Mahaifiyata ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni. In za ta aike ni sai ta dubi bango ta ce, "A gaya wa wannan mai yawon ya zo." Ƙannena su hau mata cinya, ni kuwa daga bakin ƙofa nake gaisuwa. Na san al'ada ce, kowa ya sani. Amma gaskiya ɗaya ce, abin yana cina a rai tun ina yaro, har wani lokaci nakan ce anya ma tana sona?

Na yi wa abokina bayani iya Faransancina. Ya kasa ganewa. Ni kuwa na buga ƙirji na ce kafin ya bar garin nan sai na ɗauki mahaifiyata tana kallona ido cikin ido.

Sana'arta kifin banda, duk mako takan je tafkin Lagdo ta saro. Muka ce za mu raka ta. Ta gaisa da baƙona faran-faran, har da gaisuwar Fillanci "Jam na?" da su dariya, ni kuwa ko kallo ban samu ba. Muka isa bakin tafkin da hantsi, hayaƙin banda ya turnuƙe, kwale-kwale na shigowa, mata na ciniki cikin Fillanci da Hausa da wasu yarukan da ban ma sani ba. Wuri ya yi wuri! Na fara farautarta. In na ɓullo ta dama ta juya hagu. Na laɓe bayan kwando, ta ja mayafi. Na samu ƙeyarta, na samu kunnenta, na samu gwiwar hannunta har sau bakwai. Ƙawayenta suka gane abin da ake ciki, suka dinga shewa: "Hajiya, ki taimaki yaron nan mana!" Ta ce, "Wane yaro? Ni ban ga kowa ba."

Na gaji, raina ya ɓaci, na ce to a bar shi. Na nufi wajen masunta in huce a kansu. Don in nuna wa baƙona ni ma gwani ne, na haye wani kwale-kwale da ke ɗaure a ɗan nesa da gaɓa, na tsaya ƙafa ɗaya a kan bakinsa. Mai shi yana cewa, "Malam, a hankali!" ban saurare shi ba. Ai kuwa sai ji na yi tsulum! Ban iya ruwa ba ko na sisin kwabo. Na nutse, na sha, na taso, na sake nutsewa, hannu ɗaya a sama riƙe da kyamara, wai ita kada ta jiƙe. Masunta biyu suka tsamo ni kamar tarwaɗa. Da aka ga ban mutu ba sai dariya ta ɓarke. Na leƙa wajen mahaifiyata, tana zaune ta ba ni baya tana jera kifi. Wannan ya fi ruwan da na sha ɗaci.

A mota, ina ɗigar ruwa, abokina ya matso ya miƙo mini 'yar kyamararsa. Ashe da kowa ya zuba mini ido, shi juyawa ya yi.

A hoton, mahaifiyata ce a tsaye. Kwandon kifi ya kife a gabanta, mayafi ya zame, takalmi ƙafa ɗaya. Ta miƙo hannu biyu wajen ruwa, idonta duk a waje, bakinta a buɗe. Ban taɓa ganin fuskar nan haka ba a rayuwata.

Ya ce, "Sunanka take kira. Da ƙarfi, har sau uku. Ba ka ji ba?"

Shi bai san nauyin abin da ya faɗa ba. Na kifa kai a bayan kujera na yi ta kuka, fasinjoji suna ba ni haƙuri wai ai kyamarar ba ta lalace ba.

Bayan ya tafi na wanko hoton, na ba ƙanwata ta kai mata. Ina laɓe a zaure ina ji. Mahaifiyata ta ce, "Kifina ne ya zube, shi nake wa ihu." Ƙanwata ta ce, "Inna, kifin ne mai irin sunan Yaya?" Ta ce, "Tashi ki ba ni wuri, marar kunya." Amma ba ta dawo da hoton ba.

Yau Inna ba ta duniya, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Ba na kunna mata kyandir, addu'a nake yi mata, duk Juma'a kuma in raba kifin banda sadaka. Sai dai yanzu na gane abin da ya sa mutum zai ɗauko hoton uwarsa tun daga Meksiko har Garwa a cikin jaka. Nawa yana nan a ɗakina, kuma duk wanda ya shigo sai na ba shi labarin, ina dariya ina share ido.

Rana ɗaya tak ta kira sunana a duniya, kunnuwana suna cikin ruwa. Ban ji ba, amma kullum ina gani.