Kifayen Takarda a Siton Goggo Jantina

A ƙauyenmu, can ƙasar Turawa, a arewacin lardin Groningen, inda gonakin dankali suke ƙarewa a gindin ganuwar da ta tare teku, da wuya ka sami yaron da bai taɓa yin bikin ranar haihuwarsa a siton Jantina Bolhuis ba. Ni ma a can na yi nawa ina ƙarama. Kowa Goggo yake ce mata, har dattawan da suka girme ta.

Tana budurwa ta yi aiki a masana'antar kwali, inda ake dafa karan alkama a mayar da shi takarda mai kauri. Da aka rufe masana'antar ta auri wani manomi mai suna Ebel, ta tare a gidan gonarsa. Gidan jan bulo ne a gaba, ga ƙaton sito manne da bayansa, rufinsa ya fi na cocinmu faɗi. Allah bai ba su haihuwa ba. Da Ebel ya rasu ta bar wa maƙwabta noman gonar, siton ya zama fanko, sai ta cika shi da kwali.

Ba ta sayen kayan ado. Kwalin firiji, kwalin ƙwai, murafen kwalabe, tsofaffin labule, duk ƙauye ya san inda ake kai su. Yaro zai je wajenta tun biki da saura, ta zaunar da shi a kicin, ta zuba masa lemo, ta tambaye shi me yake so ya zama. In ya ce ɗan fashin teku, ranar biki zai tarar da jirgin ruwa a tsakiyar sito, da tuta da igiyoyi, har da akwatin dukiya cike da murafen da aka shafa wa ruwan gwal. Abin ci ma haka. Takan sassaƙa kada da kokwamba ta yi masa haƙora da cuku, ta soke rabin kankana da tsinkayen inabi ya zama bushiya, ta jera yankakken kek ya zama jirgin ƙasa. Ba mace ce mai fara'a ba. In ka taɓa abu gam bai bushe ba za ka sha tsawa, ko kai uban mai biki ne. Amma yara ba sa tsoronta, don sun lura ita kaɗai ce babba da ba ta dariya idan suna bayanin abin da suke so.

Sai ƙasa ta fara motsi. Tun zamanin iyayenmu ake zuƙe iskar gas daga ƙarƙashin gonakinmu, kuma ƙasar ta soma zama a hankali. Da fari ba wani abu ba ne. Ƙara guda za ka ji, kamar an jefar da buhu a saman bene, kofuna su bugi juna a kabad, kare ya yi haushi, shi ke nan. Daga baya tsagewa ta bayyana a bango, siririya kamar gashi, yau a kan taga, gobe a bayan murhu. Aka fara tokare gidaje da gumaguman katako. Na Goggo Jantina yana cikin na farko, don tsohon gini ne mai nauyi. Ita kuwa ta naɗe gumaguman da takarda mai ruwan ƙasa, ta ɗaura musu ganye a ka, suka zama itatuwan kwakwa a bikin wata yarinya da ta ce tsibiri take so.

Wasu iyaye suka janye ba tare da sun faɗi dalili ba. Sai ka ji an ce bana a wurin ninkaya za a yi, ko a gidan kaka a birni. Goggo ba ta taɓa tambayar kowa ba.

A shekarar da 'yata Nienke za ta cika bakwai, ta je da kanta ta gaya wa Goggo cewa ƙarƙashin teku take so. Ban sani ba sai da ta dawo da fenti shuɗi a gwiwar hannu. Bayan 'yan kwanaki na kai wa Goggo kwalaye, na tarar har ta rufe bangon baya na siton da takarda shuɗiya tun daga sama har ƙasa. Ƙofa a rufe take, amma takardar tana kumbura tana lafawa kamar mai numfashi. Na ɗaga gefenta. Tsagar da ke bayanta ta taso tun daga tushen gini ta haura har inda idona bai kai ba, kuma ta cikinta ina hango gonar dankali. Na zura hannuna, ya shige har wuyan hannu.

Na ce, "Goggo, wannan tun yaushe?"

Ba ta ɗago daga kifin da take yankawa ba. "Tun kina goyon Nienke take nan. Ɗan baki kawai ta ƙara."

"Hannuna fa ya shige."

"To ki fitar da shi, 'yar nan, kina ɓata mini teku."

Da na matsa mata, ita da bakinta ta gaya mini cewa mai duba gine-gine ya zo, wani saurayi da hular kwano, ya zagaya yana ɗaga kai, ya ce kada a ƙara tara mutane a ciki. Ta ce ta ba shi kofi da biskit, ta gaya masa kakan Ebel ne ya gina siton, kuma guguwar da ta kwashe rufin makaranta ba ta ɗaga masa tayil ko ɗaya ba. Saurayin ya ce shi ba guguwa yake tsoro ba. Ta faɗi wannan tana ɗan taɓe baki, amma na ga almakashin ya tsaya a hannunta.

Mijina Menno makaniki ne, ba ya zagaye-zagaye a magana. Ya ce ba zai bari tsohuwa ta binne masa 'ya da kifin takarda ba. Nienke ta yi kuka har ta ƙi cin abinci. A ƙarshe muka tsaya a kan cewa za a yi bikin a gidan Goggo, amma a tsakar gida, ƙarƙashin bishiyar tuffa, a bar ƙofar siton a buɗe yara su leƙa su ga ado daga waje. Ni na kai mata saƙon. Ta ce to. Ba ta yi mini tayin kofi ba ranar.

Ranar bikin gari ya waye da zafi mai nauyi, irin wanda shanu suke taruwa a kusurwar gona. Menno yana gareji. Manya mu biyu ne, ni da Goggo, yara kuwa kusan duk ajin su Nienke. Ta jera tebur a inuwa: ƙaguwa ta jan tattasai, kunkuru na burodi, kifaye na cuku a kan biskit, lemo shuɗi a babban tulu. Kowane yaro ta ba shi hular kwali mai ƙayar kifi a ka. Suna cikin manna ɓawon kifi da suka yanka daga takardar alewa sai hadari ya taso daga wajen teku, baƙi ƙirin, ya rufe rana kafin mu gama tattara gam. Ruwa ya sauko da ƙanƙara. Ban ce a shiga ba, Goggo ma ba ta ce ba. Yara dai sun ga buɗaɗɗiyar ƙofa, suka kwasa a guje, muka bi su da tire a hannu. Wani ya janyo ƙofar saboda feshi.

Ban taɓa ganin abin da ta yi mai kyau kamar wannan ba. Ta rufe tagogi da takarda mai shara-shara, hasken ciki ya zama shuɗi-shuɗi. Daga ƙatuwar azarar da ta riƙe rufin, kifaye ne rataye da zare ba iyaka, manya da ƙanana, wasu har suna taɓa kan yara. Yaran suka yi tsit. Nienke ta kama hannun Goggo, ita kuma ba ta fizge ba.

Na ce a raina ruwan bazara ne, yanzu zai wuce. Muka ɗora kek a kan akwati, na kunna kyandir. Kek ɗin mai ruwan ƙasa ne, na cakulan, shi ya sa na ga abin da wuri. Wani farin gari yana sauka a kansa a hankali. Wani yaro ya dangwala da yatsa ya ce sukari ne, ya kai baki, ya tofar. Na ɗaga kai. Kifayen nan duka sun karkata gefe guda, kamar ana jan su, suka tsaya a haka ba su dawo ba. Sai wata ƙara ta biyo, ba irin bugun da muka saba ba. Doguwa ce, siririya, kamar tsohuwar ƙofa ana tura ta a hankali, kuma daga sama take fitowa.

Goggo ta dubi azarar, ta dube ni. Ta ciro usur daga aljihun rigar aikinta ta busa.

"Ƙananan kifaye, ku saurara. Babban kifi ya shigo, yunwa yake ji. Kowa ya gudu gaɓa. Wanda ya fara taɓa bishiyar tuffa shi ne sarkin teku."

Ta faɗa da irin muryar da take raba wa yara almakashi da ita. Na banke ƙofa, yara suka fita cikin ruwa suna ihu suna dariya, hulunansu suna narkewa a ka. Ta tsaya a bakin ƙofa tana dafa kan kowane mai wucewa. Da na ƙarshe ya fita sai ta juya ta koma ciki.

Na kira ta, na sake kira. Ina riƙe da Nienke da hannu ɗaya, ɗayan ina tare wani yaro da yake so ya koma ɗauko takalminsa. Daga inda nake ba na ganin komai sai shuɗin duhu. Can sai ga ta, tana tafe a hankali kamar mai tsoron zamewa, ta rufe kek da rigar aikinta. Ba ta yi nisa da ƙofa ba saman bangon baya ya zube ciki. Ƙura ta bugo ta ƙofar ta bi bayanta, ruwa ya kwantar da ita. Yara suka yi tafi, sun ɗauka babban kifin ne.

A kicin ɗina muka ƙarasa bikin, kowa naɗe da tawul. Goggo ta kankare saman kek ɗin, ta ce a sake kunna kyandir. Da aka zo yankawa sai ta miƙo mini wuƙar ba tare da ta dube ni ba. Da yamma Menno ya duba labarai, ya ce ba a ji motsin ƙasa ko kaɗan ba ranar a duk yankin. Siton ya gaji ne kawai, ruwa ya ƙara masa nauyi. Bai yi faɗa ba. Ya fita da tocila ya zagaya gidanmu yana shafa bango.

Aka kewaye gidan Goggo da shingen waya. Duk lokacin sanyin nan in ka bi ta hanyar gona kana hango kifayen ta inda bango ya faɗi, har yanzu a rataye, launinsu yana kodewa. Yara suka daina bin hanyar. Da sanyi ya wuce katafila ta zo ta rushe gidan da siton gaba ɗaya. Ita kuma aka ba ta ɗaya daga cikin fararen gidajen wucin gadi da aka jera a gefen filin ƙwallo, ɗaki biyu, rufinsa ana taɓawa da hannu. Mun zaci ta daina. Ba a yi wata ba muka ga kwali a jingine a bakin ƙofarta.

Yanzu abin da take yi ƙanana ne, daidai teburin kicin. Yaran ma sun ragu. Iyalai da yawa sun tashi, an haɗe makarantarmu da ta ƙauyen gaba. Bara wani yaro mai suna Tjark, wanda aka haifa a gidan da yake a tokare, ya zauna a kicin ɗinta ya ce shi girgizar ƙasa yake so. Uwarsa ta ji kunya, ta ce ya zaɓi jirgin sama ko zaki. Goggo ta ce ba uwar aka tambaya ba. Ta gina musu ƙauye na kwali a kan tebur, da coci da kanti da layin gidaje, ta yi kek mai siffar bulo. Na je taya ta rabon lemo. Yara suka kama ƙafafun teburin suna jijjigawa, suna kwaikwayon ƙarar da baki, kuma sun iya ta sarai. Wata yarinya ta kifa kwano a ka kamar mai duba gine-gine, tana bin gidajen da suka faɗi tana cewa wannan ba laifin kowa ba ne, dama ginin bai da kyau. Suka yi ta dariya. Goggo tana zaune a gefe, hannuwanta a cinya, har suka gama.

Makon jiya na leƙa ta. Ta tsufa sosai, sai ta kai takarda kusa da hanci take ganin layi. Dawakai take yankawa, don wata yarinya ta ce bikin dawaki take so in kaka ta yi. Ta nuna mini yadda za ta yi musu geza da zaren buhu. Gidan su yarinyar yana cikin waɗanda za a rushe bana, kuma uwarta ta gaya mini sun sami wuri a kudu, za su tashi kafin a cire dankali. Har yanzu ba wanda ya gaya wa Goggo. Ta ce in na sami kwali mai kauri in kawo mata, na ƙafafu ne ya rage.