Motata da Dakalin Malam

Ranar da aka miƙo mini makullin motar na ɗauka an gama. Ashe sayen doki ba wuya, ciyawa ce aiki. Aka ce lamba, na biya. Aka ce inshora, na biya, ko da yake har yau ban san uban da take tsare mini ba. Bakanike ya duba tayoyi ya ce biyu sun yi sanƙo. Abokan aikina a sakatariyar Anka kuma suka ce sai an wanke mota, wankin da ba ruwa ba sabulu, sai tsire. Babur ɗina na sayar na cike giɓin, kuma ban yi da-na-sani ba.

Don Inna na saye ta. Tun da gwiwoyinta suka ƙi hawan babur, shekara huɗu ke nan ba ta ga yayarta a Gummi ba, ga yayar ta tsufa, tana kwance ba lafiya.

Na taho gida ina ta ɗaga wa mutane hannu, har waɗanda ba su gaishe ni ba. A bakin lungunmu motar ta tsaya. Dakalin mahaifina, marigayi Malam, ya tare hanya da kamu ɗaya. A kansa ya shekara talatin yana ba da karatu, a kansa na yi saukar Alƙur'ani. Inna kuwa ba ta iya takawa daga ƙofar gida zuwa titi.

Kwana uku motar na waje, ni ina zagaya dakalin na kasa ce wa magini ya zo. Gaskiya tsoro nake ji, da kunya.

Rana ta huɗu Inna ta sa aka kira ni.

"Wai mi kaka jira?" in ji ta. "Malam karatu yab bar muku, ba laka ba. Ku hwashe shi, in tahi in ga 'yar'uwata tun tana gane ni."

Da hannuna na fara sa diga. Wannan kuɗin ba a rubuta shi a kowace takarda ba, kuma ya fi duk sauran tsada.

Washegari na kawo motar har ƙofar zaure. Inna ta zauna a gaba, ta yi bisimilla. Ban taɓa jin kaina namiji kamar ranar ba. Da muka isa Gummi, yayar ta ɗago kai daga shimfiɗa, ta dubi Inna, ta kira ta da sunan yarinta.